Indararon Bayan Gida

Fergus Rennie yana saman tsani yana kankare tsatsa da burushin waya sai ya ji wani abu ya yi ƙas. Ƙarfen da ke riƙe da indararon a jikin bango ya ɓalle, sai ga dogon ɓangaren indararon na baƙin ƙarfe ya sauko masa a kafaɗa. Ya saki burushin ya rungume shi da hannu biyu. Ɗaya bakin yana nan maƙale da bututun da ke sauke ruwa ƙasa, amma da ƙusa guda kawai, ita ma tsatsa ta cinye ta.

Ya leƙa ƙasa. Daidai ƙarƙashinsa rufin gilashin ɗakin shan iskar maƙwabta yake, kuma a ciki ga Wattie Mair a keken marasa lafiya, bargo a gwiwa, yana gyangyaɗi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, nan matarsa Elspeth take ajiye shi da hantsi.

Rabon Fergus da yi wa Elspeth magana tun bara. Ya so ya cire tsoffin indararon ya sa na roba ya huta, ita kuwa ta kai ƙara hukumar gari, aka ce gidajen layinsu a nan Dundee ta ƙasar Scotland na tarihi ne, ƙarfe zai zauna. Shi ya sa yake nan sama da furfurarsa, da gwangwanin jan fentin hana tsatsa rataye a tsani.

Kafaɗarsa ta fara zafi. Ya buɗe baki zai kira ta, sunan ya ƙi fitowa. Sai da ƙusar ta sake yin ƙara.

"Elspeth! Ke Elspeth!"

Ta fito da tsumman goge kwano a hannu, ta ɗaga kai. "Ikon Allah. Ashe bakinka na aiki?"

"Fitar da Wattie daga ɗakin nan. Yanzu!"

Ta dubi ƙarfen, ta dubi gilashin, tsumman ya faɗi. Ta ruga ciki. Ta cikin rufin yana ganinta tana fama da birkin keken, tana dukansa da tafin hannu. Keken ya motsa, sai tayar ta cije a dokin ƙofa. Wattie ya farka yana zare ido.

"Yi sauri mana, baiwar Allah!"

"Rufe mini baki ka riƙe abinka!" ta amsa daga ciki.

Ruwan da ya kwanta cikin indararon, baƙi da ruɓaɓɓen ganye, ya gangaro masa ta wuya har cikin riga. Yatsunsa sun mutu. Tsanin ya ɗan zame a kan dutsen tsakar gida, ya manne goshinsa da bango ya riƙe numfashi. Da ya sake leƙawa, Elspeth ta sa hannu a hammatar mijinta tana jan sa baya-baya, ƙafafunsa na shara a ƙasa, har suka shige kicin.

"Ya fita!" ta ƙwala. "Sake shi!"

"In na saki da ni zai tafi. Ya saƙale da tsanin."

Fergus ya ɗauka ta tafi kiran 'yan kwana-kwana, ya kuma san ba zai kai zuwansu ba. Can sai tagar benen gidanta da ke gefensa ta buɗe, Elspeth ta zuro rabin jikinta waje tana haki, igiyar shanya a hannu.

"Ɗaga shi kaɗan."

"Ba zan iya ba."

"Fergus, ka yi shekaru kana juya sitiyarin bas. Ɗaga!"

Ya cije haƙori ya ɗaga. Ta jefa igiyar, ta kuskure. Ta sake jefawa, ta zagayo ƙarfen, ta ja ta ɗaure a ƙafar gado. Nauyin ya bar kafaɗarsa a hankali. Igiyar ta miƙe tana kuka, amma ta riƙe.

Da ya sauko, ya zauna daɓas a kan ciyawarta. Bayan ɗan lokaci ta kawo shayi mai sukari da yawa. Ya ga fatar gwiwar hannunta ta saluɓe. Ta ƙofar kicin ana hango Wattie zaune a ƙasa jingine da firji, ya ɗaga musu hannunsa mai lafiya.

Fergus ya kurɓa, ya dubi sama. Hadari na tasowa daga wajen kogi, ga sauran indararon da ya kankare tsirara, ko ɗigon fenti babu.

"In ruwan nan ya taɓa shi, kafin gobe tsatsa ta dawo," ya ce.

"Ba ka da hankali."

"Shafa ɗaya ce kawai."

Ta yi tsaki ta karɓe kofin. Suka shiga, suka kama Wattie tare suka mayar da shi kan keke. Da suka fito, ta naɗe hannun riga, ta dafe tsanin da hannu biyu, ta taka matakin ƙasa da ƙafa.

"To hau," ta ce. "Kuma kar ka ɗiga mini ja a gilashi."