Ranar da Baba Ya Ba da Shaida a Gaya

Mijina Da'u mai fito ne. Tun kafin a ɗaura mana aure yake tsallakar da mutane a kwalekwale, a mashigar da ke bayan ƙauyenmu can gefen Toranke, kuma kowa ya san shi da taurin kai a kan abu guda: in ya ce jirgi ya cika, to ya cika. Na sha ganin ya sauke ɗan kasuwa da buhunansa, mutumin yana zagi yana kumfar baki, shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya iya yi wa musu, shi ne mahaifina, Malam Inuwa. A wajenmu suruki ba abin wasa ba ne. Da'u ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, ko wani Inuwa ne ya shigo jirginsa sai dai ya kira shi mai sunan Baba.

Cikin damina, ruwa ya kawo har gindin gonaki, aka aiko cewa Inna Gaji ta rasu. Ƙanwar Baba ce, tana aure a tsallake, kuma an ce da an idar da azahar za a kai ta. Muka ɗunguma bakin kogi, mata da maza. Da'u ya loda mu daidai, ya ce sauran su jira sawu na biyu. Ina zaune a ciki kusa da maƙwabciyarmu Hanne, har ya dafa gorarsa zai tura, sai ga Baba da mutanen masallaci suna sauri.

Da'u ya sunkuyar da kai. "Baba, a yi haƙuri, yanzun nan zan dawo."

"Ka dawo bayan an rufe ta?" in ji Baba. "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ka ce in tsaya nan ina kallon ruwa? Ku shiga, jama'a. Tura mu je, komai ya faru a wuyana."

Da kunnena na ji wannan magana, kuma duk wanda ke cikin jirgin ya ji ta. Suka shiga. Ruwa ya taso yana lasar bakin katako. Da'u ya yi bisimilla ya tura.

A tsakiyar kogi igiyar ruwa ta daki gefenmu, wani ya tsorata ya miƙe tsaye, shi ke nan jirgi ya kife. Ban san yadda na kai gaɓa ba, masunta ne suka ja ni. Amma na ga Da'u yana faɗawa yana fitowa da mutane, har ya fito da Baba a bayansa kamar goyo. Hanne ce ba a gani ba sai washegari, a cikin ciyayi can ƙasa.

Mijin Hanne ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. Mu a tunaninmu magana ta ƙare ke nan, don haka muka saba. Ashe hukuma ba ruwanta da yafiyarmu. 'Yan sanda suka zo suka tafi da Da'u, aka gurfanar da shi a kotu a Gaya, ana tuhumarsa da ɗaukar fasinja fiye da kima da kuma sakacin da ya jawo asarar rai.

Lauyarsa, wata mai suna Bara'atu, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce tunda gorar a hannunsa take ba zai fita fes ba, amma in aka nuna wa alƙali cewa ya ƙi, tilasta masa aka yi, ana iya yi masa sassauci, ƙila ma ya kwana a gida. Matsalar ita ce Da'u ya ƙi faɗin wanda ya matsa masa. Ta yi juyin duniya, ya ce shi bakinsa ba zai kai surukinsa gaban alƙali ba. Waɗanda muka shiga jirgin tare kuwa, da na bi su gida gida, kowa ya ce shi salati yake yi, bai ji komai ba. Na ce to ni na ji, a rubuta sunana.

Labari ya kai wa Baba, ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, na durƙusa.

"Zuliha, ina raye 'yata za ta tsaya gaban alƙali maza suna yi mata tambayoyi? Ni na yi maganar, ni zan maimaita ta. Je ki ce wa lauyar ta cire ki ta sa ni."

Wallahi kuka na yi don murna. Na ce ai na san ubana. Bara'atu ta so a bar sunana tare da nasa cikin shaidu, na ce mata a'a, rainin ya yi yawa, in ƙaryata Baba tun bai yi magana ba? Ni da hannuna na wanke masa farar babbar rigar da zai sa, na kai wa mai guga.

Ranar zaman kotu Baba ya tsaya cikin rigar nan fes da shi. Bara'atu ta tambaye shi ko Da'u ya ce su jira.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa alƙali, "ranar ina cikin ɗimuwar rasuwa. Ban riƙe abin da aka faɗa ba."

"Kai fa, Malam, me ka ce masa?"

"Ni manomi ne, 'yar nan, ban san ruwa ba. Mai jirgi shi ya san jirginsa. Da ya hana mu, ai da ba mu shiga ba."

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Daga baya na ji cewa wani ne ya raɗa masa wai wanda ya ba da umarni ma ana iya haɗawa da shi a tuhumar. Ashe ba don ya kare mutuncina ya cire ni ba, bakina ya toshe, kuma ni na taya shi.

Alƙali ya juya ga Da'u, ya tambaye shi a hankali ko akwai wanda ya tilasta masa. Na ƙura masa ido ina roƙonsa a zuci. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ni na tura jirgin." Na miƙe na ce ƙarya ne, a tambaye ni, ina ciki. Aka ce ba a kira ni ba, aka fitar da ni waje. A bakin taga na ji hukuncin, ɗaurin shekara uku.

Baba yana tsaye a gindin darbejiya lokacin da aka fito da Da'u za a sa shi a mota, da ankwa a hannu. Da Da'u ya zo daidai wurin sai ya durƙusa har ƙasa, sai da gandiroban da ke riƙe da shi ya ranƙwafa.

"Baba, Allah ya huta gajiya. A sauka lafiya."

"Allah ya yi albarka," in ji Baba, yana kallon titi.

Har motar ta ɓace ban motsa ba. Sannan Baba ya matso kusa da ni yana gyara hannun riga, ya ce tunda abin ya zo a haka, in kwaso 'ya'yana in dawo gida, ɗakin tsakiya babu kowa.

Ban durƙusa ba. Na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce masa yaran suna gidan ubansu, can za su zauna, kuma duk ranar da suka tambaye ni wanda ya kai shi gidan yari, zan gaya musu.