Rumbun da Baba Ya Bi

Tun da mantuwa ta kama Baba, abu ɗaya ya riƙe a duniya: babban rumbun ƙarfen da ke gonarmu. Duk inda ya yi yawo, ƙyallin rufinsa yake hangowa ya dawo, ya dafa ƙofar rumbun, ya juya, ya miƙe sak zuwa ƙofar gida. Sunana ya ɓace masa, amma wannan hanyar tana nan daram.

Da kogi ya fara cin gonar, muka gina sabon gida a kan tudu. Baba ya ce atafau ba zai shiga mota ba. Yayana, sarkin gaggawa, ya ce a ɗauke shi cak. Na ce sai dai a haɗa da ni. Tsorona kada mu kai shi inda bai sani ba, wata rana ya fita ya rasa hanyar dawowa.

Ranar kai rumbun tudu, aka kwashe hatsin cikinsa, aka kwance kusoshin gindinsa. Mai motar ƙugiya ya ɗaga rumbun, ya yi ta lilo a sama kamar ba shi da nauyi, tattabaru na kewaya shi. Aka ɗora shi a tirela, aka ɗaure.

Motar ta fara rarrafe, wani a gaba yana ɗaga wayoyin lantarki da doguwar gora. Sai ga Baba ya ɗauki sandarsa ya bi bayanta, ba wanda ya ce masa uffan. Na bi shi da lema. Rana ta narke a jikin ƙarfen, inuwar gajimare na zamewa a kansa, har na kasa gane ko rumbun ke tafiya ko gonaki ne ke ja da baya.

A tudu aka sauke shi kan sabon daɓe, ƙofarsa na kallon titi, wai don sauƙin lodi. Baba ya dafa ƙofar, ya juya, ya miƙe. Sai ga shi tsaye a tsakiyar titi yana lalubar iska, yana neman gida.

"Malam, don Allah ɗaga shi ka juya," na ce wa mai ƙugiya. "Ƙofar ta kalli gida."

"Haba ke kuwa," in ji Yaya. "Motar kaya ta ina za ta bi?"

"Ta kanka."

Mai ƙugiya ya ƙyalƙyale da dariya, ya tada inji. Rumbun ya sake tashi, ya juyo a hankali, ya zauna.

Na kamo hannun Baba na ɗora a ƙofar, na sake shi. Ya taka ta kan yashin magina har bakin sabon gidan. Ya cire takalmi, ya leƙa ɗakin da ke warin fenti, ya daɗe yana kallo.

"Uwarku dai ba ta gajiya," ya ce. "Dubi yadda ta share gidan nan."

Inna ta daɗe da rasuwa. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. Shiga ka huta."

Ya shiga.