Rana Ta Tsaya wa Yusha'u

...kuma har yanzu bantun yana can ƙetare, jirgin fito ɗaya tal, ya lafe kamar an ɗaure shi. Jibirin yana tsaye a mashigar Rufa'a. Kogi ya cika, ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Rana fa? Ta karkata. Ta karkata ƙwarai.

"Malam Abdussalami ya cika da hantsi. Za su jira ka, amma ba za su kai magariba ba." Direban lori ne ya faɗa, bai ko kashe mota ba. Baba — da hantsi — shi kuwa yana kasuwa da buhun dawa a ka...

Ariha. Me ya kawo Ariha yanzu? Muryar Baba a bakin hawasha, gonarsu ta haya, an saki ruwa cikin auduga: birni ne mai ganuwa, ya Jibirin, dawaki biyu na jerawa a kanta, mutanenta ƙatti, har jama'ar Annabi Musa suka ƙi shiga. Sai Annabi Yusha'u. Yammacin Juma'a, yaƙi bai ƙare ba, Asabar na shigowa — ya roƙi Allah, rana ta tsaya cak. Wani ɗan kudu da suke dako tare ya ce a littafinsu ƙaho aka busa, ganuwar ta zube. To, ƙaho ko addu'a... ta dai zube. Baba da bai ga Ariha ba, bai ga Makka ba, ya ƙi gina ko ɗakin ƙasa: mu matafiya ne, hajji muka fito, wa ke gini a kan hanya?

Shi ba birni yake nema ba. Fuskar Baba kawai. Kafin a rufe. Rabonsa da ita tun cirar auduga.

Ke rana, tsaya mana. Kaɗan. Tsawon gora ɗaya... Wa ya isa? Shi da karatunsa ya tsaya a rabi. Astagfirullahi.

Injin bantun ya tashi. Yana zuwa! Mutane, awaki, lori — wancan na gaba mai rawani... Baffa Jibo, ƙanen Baba. Me ya fito da shi? Tarbarsa ya zo yi? Ko...

Ƙasa a gwiwar jallabiyarsa. Baƙa, ɗanya. Ta gona ce? Ta kabari? Jibirin yana dubawa, yana dubawa — ƙasar yankinsu na Jazira duk ɗaya ce, wa zai bambance...

Baffa ya hango shi. Bai ɗaga hannu ba.