Lambobin Baba Tijjani

Ruwan wankan bai gama ɗumi ba Awadiyya ta ji ɗakin mamacin, Baba Tijjani, ya yi tsit. Ta rage wutar risho, ta matsa bakin labule.

Malam Sada ne ya fito, ɗalibin nan ɗan Katsina da aka kirawo ya wanke gawar. Hannun rigarsa a naɗe, yana riƙe da wani koren ƙyalle da yatsu biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera. A bayansa Isam ne, mai shagon ƙasan bene.

"Hajja, wannan a ƙarƙashin matashinsa muka samu."

Ya buɗe. Lambobin ƙarfe ne ƙanana, irin na maƙalawa a ƙirjin kwat, sun fi arba'in, an jera su layi-layi. Rabinsu da baƙin gicciye a tsakiya.

"Ni dai shekara uku ban gan shi a masallaci ba," in ji Isam, murya ƙasa-ƙasa.

"Da wace ƙafar zai sauko hawa huɗu, ya Isam?" in ji Awadiyya.

Malam Sada ya fara warware hannun riga. "Ma'alesh, ki yi haƙuri, Hajja. Ban san shi ba. Ba zan sallaci mutum a kan shakka ba, sai na tambayi na gaba da ni."

Awadiyya ta san irin wannan tambayar. Kafin la'asar zancen ya gama unguwar Arba wa Nus, kuma Baba Tijjani ba shi da ɗa ba shi da jika da zai tsaya masa. Tsohon da ta yi shekara tara tana miƙa wa shayi ta taga, a ce ya kwanta cikin zafin nan ana gardamar ko Musulmi ne? Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta san labarin lambobin nan har ta gaji da jinsa. Baba Tijjani Bahaushen Sudan ne kamarta. Shekara talatin ya yi yana gadi a maƙabartar sojojin Jamus da ke Alamain, can bakin teku. Kowace shekara tsofaffin sojoji kan zo ƙungiya-ƙungiya su yi kukan abokansu, kowace ƙungiya da lambarta. In za su tafi, wani ya cire tasa ya ba mai gadi. Shi kuwa ya yi ta tarawa, har tsofaffin suka ƙare, motocin suka daina zuwa. Duk Juma'a sai ya goge su da toka da lemon tsami, ita kuma tana yi masa tsiya, wai ya rasa abin reno sai ƙarfen Turawa.

Amma wa zai karɓi wannan daga bakin mai shayi?

"Malam, ka iya ajami?"

"Na iya."

"To juya ƙyallen. Ni ban yi karatu ba, amma na sha ganinsa yana rubutu a nan."

Ya juya ba da son ransa ba. A bayan kowace lamba akwai 'yar takarda da aka ɗinke da zare, da rubutun tawada siriri. Ya kai ta kusa da ido, ya karanta a hankali.

"Dogo mai kuka. Ƙanensa na kwance a nan." Ya matsa gaba. "Mai ƙafa ɗaya. Bai dawo ba bayan wannan shekara." Sai ya tsaya.

"Karanta mana," in ji Awadiyya.

"Mai jan gemu. Ya tsare mini ƙofa na yi azahar. Shekara bakwai yana yi mini haka."

Isam ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Malam Sada ya ci gaba shi kaɗai, leɓɓansa na motsi, har ya kai ta ƙarshe, wadda tawadarta ba ta daɗe ba. Wannan ba lamba a gabanta, allura ce kawai.

"A ba Awadiyya. Kada a sa mini su a likkafani."

Malam Sada ya ɗago kai. Sannan ya ninke ƙyallen gida huɗu, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Astagfirullah. Hajja, ki yafe mini."

"Ba ni za ka roƙa ba, ɗan nan. Yana ciki."

Ya sake naɗe hannun riga. "Ruwan ya yi?"

"Ya huce. Bari in ƙara masa wuta, ba ya son ruwan sanyi."

An fita da shi bayan azahar. Sahu uku aka yi, Isam ne a gaban makara tun daga bene har titi. Awadiyya ta tsaya a taga tana kallo har suka sha kwanar mai gasa burodi, sannan ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

Ran Juma'a da hantsi, kafin masu shan shayi su taru, ta shimfiɗa koren ƙyallen a cinyarta. Ta yanka lemon tsami, ta ɗebi toka a murfin gwangwani, ta fara da ta mai jan gemu.