Gefen da Aka Datse

"Wa ya aike ki, Nuzhat? Wa ya aike ki!"

Ina duba takardun ɗalibaina na jiyo muryar Hafiz Shafa'at ta kan katanga. Shekara ashirin muna maƙwabtaka a Bidar, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na zura takalmi na shiga.

Yana kwance a gadon igiya, da wani littafi a ƙirjinsa. Tarihin fadar sarakunan garinmu ne, rubutun hannu da Farisanci, gadon kakanni. 'Yarsa Nuzhat ta ga yana zazzagewa, ta kai wa Girdhari mai ɗinkin littafi don ta faranta wa mahaifinta. Girdhari ya yi masa jan bango, ya datse gefen shafukan su daidaita.

"Baba, ai rubutun yana nan," in ji ta, tana hawaye.

"Na maroƙi yana nan! Marubucin fada ya ce a shekarar fari sarki ya buɗe rumbuna, ko akuya ba ta mutu ba. Talakan da ya kwafi littafin ya rubuta nasa a gefe. Shi aka yanke."

Nuzhat ta ruga shagon, ta tarar Girdhari ya tafi biki ƙauyensu. Likita kuwa ya riga ya gaya mana halin da zuciyar tsohon take ciki, kuma babu wanda ya haddace rubutun gefen sai shi.

"Malam," ya ce da ni, "kai da ke ɗura wa yara shekarun yaƙe-yaƙe, ɗauko alƙalami ka yi abin kirki sau ɗaya."

Kullum bayan la'asar nakan zauna kusa da shi, yana faɗa ina rubutawa, shayinsa yana hucewa.

"Shafi na arba'in: 'Yau na binne 'yata, na dawo na ci gaba da kwafi.' Kai, wannan rubutu ne ko sawun kaza?"

"To mu yar da na marubucin fada?" na tsokane shi.

"A'a. Shi ya san rana da wata. Wannan ya san yunwa."

A rana ta tara muka kai shafin ƙarshe, inda mai kwafin ya sa sunansa a gefe. Tsohon ya rufe ido, ya daɗe.

"Ya ɓace mini. Gobe."

Da hantsin Alhamis ya cika.

Ranar sadakar uku Girdhari ya zo, ya tuɓe takalmi a ƙofa, da gwangwanin biskit a hammata, cike da gefen shafukan da ya datse.

"'Yar'uwa, ki yafe ni. A gidanmu ba a zubar da takarda mai rubutu."

Muka shimfiɗa siraran takardun a tabarma, muna danne su da kofunan shayi saboda fanka. Nuzhat ta tsinci wata gajeriya, ta shafin ƙarshe, ta bi sunan da ke kanta da yatsa, leɓenta yana motsi. Sannan ta ajiye ta a kan matashin mahaifinta, ta ɗora mata tabaransa.