Zauren Gindin Dutse

Mahaifina, Purevjav, yana ɗan shekara tara aka kai shi gidan ibadar da ke gindin dutsen garinmu don ya zama lama, wato malamin addinin Buddha. Bai daɗe ba sojoji suka zo, a 1937, suka kwashe manyan lamomin a motoci, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Yaran aka kora gida. Aka ƙone ɗakunan kwana, aka bar babban zauren kaɗai saboda rufinsa ba ya yoyo.

Da farko dawakin soja aka ɗaure a ciki. Daga baya ƙungiyar makiyaya ta gwamnati ta mayar da shi ma'ajiyar ƙiraga. A haka na san shi ina yarinya: ɗanyun fatun tumaki da na shanu jibge har rabin bango, an barbaɗe su da gishiri, wani ruwa ja-ja yana tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙofa da tsutsa a ciki. Baba ne direban motar da ke kai fatun. In ya dawo, Inna kan sa shi ya tuɓe a waje kafin ya shigo tantin da muke zaune a ciki. Ban taɓa jin ya ce uffan a kan wurin ba.

Da mulkin gurguzu ya faɗi, Batjargal, ɗan tsohon shugaban ƙungiyar, ya karɓe ginin ya buɗe mashaya. Lungun da malamin Baba yake zama yana karatu, nan 'yan giya suke fitsari in sanyi ya hana su fita.

Wata bazara sai ga Batjargal a tantinmu, riƙe da shuɗin ƙyallen siliki hannu bibbiyu, irin na girmama manya.

"Kawu, na bar harkar giya," in ji shi. "Zan mayar da gidan yadda yake. Baƙi sun fara zuwa daga Koriya da Turai, suna tambayar ina lamomi. Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka zauna a ciki."

Na ce, "Wa ya wanke fitsarin?"

"Yaya, ai an yi fenti."

"Na ce wa ya wanke?"

Baba ya ce in zuba wa baƙo shayinmu mai gishiri. Ya miƙa hannu ya karɓi ƙyallen.

Ranar farko na raka shi. An shafe bangon da jan fenti ba tare da an kankare maiƙon fatu ba, har ya fara ɓamɓarowa. Turaren wuta da ƙarnin tsohuwar fata sun haɗu sun cika zauren. An kafa gunkin Buddha na roba, da rikoda tana rera addu'o'i a bayansa. Surukan Batjargal biyu, waɗanda kowa ya sani da kwana a gindin teburin mashayar, an yi musu aski an sa musu jajayen riguna irin na lamomi. Ɗaya yana ɓoye sigari a hannun riga. Shi ma Baba aka sa masa jar riga, aka zaunar da shi tsakaninsu.

Da motar baƙi ta iso, Baba ya ce a kashe rikodar. Addu'a ɗaya ce ta rage masa a kai, ita ya fara. Can sai hawaye ya zubo masa. Wata mata ta matso da kyamara har kusa da hancinsa. Da ya gama, Batjargal ya fara tafi, baƙin suka taya shi. Bayan sun fita ya dafa kafaɗar Baba.

"Kawu, kukan nan ya burge su. Gobe ma ka yi."

A hanyar gida na ce, "Baba, ba za ka koma ba. Wasa suke yi da kai."

"Na sani, Dulamsuren. Ni ba yaro ba ne. Tun ina ƙarami ban sake buɗe baki a ɗakin nan ba. Ki ƙyale ni."

Haka ya yi ta zuwa. Amma hawayen bai sake zuwa ba, kuma ya ƙi gutsure addu'ar. Batjargal ya fara ƙorafi cewa baƙi na makara wajen hawan raƙuma. Kafin sanyi ya shigo ya aiko a ce Kawu ya huta, ya samo wani tsoho da fuskarsa ta fi fita a hoto.

Ni na mayar wa Batjargal rigar. Ya ɗaga ta ya shinshina.

"Yaya, ba ku wanke ba?"

Na sakar masa ita a ƙasa, na fito na tofar da yawu a bakin ƙofa. Nan take na ji kunya, don duk da komai wurin Baba ne.

Shekarar da ta biyo baƙi suka ja baya, Batjargal ya ba wani kamfanin haƙar kwal hayar ginin. Suka fasa bangon gaba don manyan motoci su riƙa shiga gyara. Lokacin Baba yana kwance, ba ya iya tashi. Ya tambaye ni ko sun sare ginshiƙin gabas, wanda ya ce a jikinsa aka auna tsayinsa ranar da aka kawo shi.

Na je na duba. Yana nan. An buga masa ƙusoshi, an rataye tayoyi. Na dawo na ce masa yana nan tsaye, ya gyaɗa kai ya ce in ƙara masa gishiri a shayi.