Idon Tsaya-haka da Kyamarar Yaya

Shekara goma sha tara mijina yana ɗaukar hoto a shagon yayana. Sunansa na gaskiya ya ɓace tuntuni, kowa Tsaya-haka yake ce masa, don ba ya latsa kyamara sai ya faɗi kalmar nan sau uku ko huɗu. Har 'ya'yanmu mata biyu, in tsokana ta motsa musu, sai su ƙame a bakin ƙofa su ce, "Baba, mun tsaya haka." Ni kuwa ɗinki nake yi a ɗakin gaba, keke ɗaya da tebur ɗaya.

Da ƙananan abubuwa ciwon ya fara. Sai ya yi ta neman takalminsa alhali ga shi a gabansa. In ya shigo daga rana sai ya tsaya cak, ya ce wa ya kashe fitila. Na ce mu je asibiti, ya ce gajiya ce. Na sake faɗa, ya ce ko likita na koma bai sani ba.

Ranar da asiri ya fara tonuwa, wata makarantar firamare ce ta ɗauke shi aikin rabon kyaututtuka. An fara a fili, hadari ya taso, aka kwashe yara zuwa wani dogon ɗaki mai ƙananan tagogi, wuta kuma ta ɗauke. Ya ɗauki hoto sama da ɗari biyu. Washegari Yaya ya buɗe su a kwamfuta, na fili sun yi kyau, na ɗaki kuwa baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai haƙora da farar riga. Shugabar makarantar ta wanke Yaya tas a waya, shi kuma ya zo har gida.

"Malam, me ya faru? Kai da kake koya wa mutane?"

"Kyamarar ce, Yaya. Zan kai ta gyara."

Bayan Yaya ya tafi mijina ya zauna a bakin gado. Can ya ce, "Maman yara, ba kyamara ba ce."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Akwai wata lamba a kyamara da suke kira ISO. In wuri ya yi duhu sai a ɗaga ta, kyamara ta ƙara ƙarfin gani, in an fita rana a sauke ta. Tun da ya fara aiki da hannunsa yake saita ta, yana ma yi wa masu bar wa kyamara ta zaɓa dariya, wai su 'yan latsa-ka-gudu ne. To ranar da suka shiga ɗakin nan ya duba ɗan gilashin bayan kyamara, lambobin suka narke masa. Ya murza da ka, ashe baya ya murza.

Sai a lokacin ya yarda muka je asibiti. Likitar ta haska masa ido, ta sa shi ya kalli wata na'ura ya riƙa danna maɓalli in ya ga ɗigon haske. Ina zaune ina ganin ɗigon yana wucewa, hannunsa bai motsa ba. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye. Abin da ya tafi ya tafi. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu kawai.

A hanya ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi a titi ba. "Kar ki faɗa wa Yaya," ya ce. "Don Allah. In na ajiye kyamara ban san wane ne ni ba."

Tare muka je wurin wani mai gyaran kyamara da ake kira Injiniya, a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene. Tsohon abokinsa ne, bai ɓoye masa komai ba. Injiniya ya saurara yana jujjuya sukundireba, sannan ya karɓi kyamarar ya daddanna.

"Na mayar da ISO otomatik. Daga yau ita za ta riƙa auna hasken wuri ta ɗaga ko ta sauke da kanta. Kai dai saita mutum ka latsa."

"Wato na zama ɗan latsa-ka-gudu."

"Kai da ba ka ma iya gudun? Latsa ka tafi a hankali."

Rabona da jin dariyar mijina har na manta. Injiniya ya kashe fitilar teburinsa, lungun ya yi duhu, ya ce in tsaya a jikin bango. Mijina ya latsa. Da na leƙa hoton sai ga ni sarai, har zanen ɗankwalina. Akwai 'yan ƙuraje a jikin hoton kamar an watsa yashi, amma fuska ta fito.

"Yashin nan fa?" in ji mijina, bayan na faɗa masa.

"Shi ne ladan duhu. Mai hoto ne kawai yake damuwa da shi, mai fuska ba ruwansa."

Wata bakwai muka samu da wannan dabara. Ya yi aiki a ɗakunan taro masu kwan fitila ɗaya, ya yi a ofisoshi masu labule mai kauri, ya shiga rana ya fito inuwa, hoto bai sake baƙi ba. Har Yaya ya ce gyaran nan ya yi kyau, a gaishe da Injiniya. Na fara sa rai cewa haka za mu lallaɓa har yara su gama makaranta.

Sai dai ciwon bai tsaya jiranmu ba. Ganinsa ya riƙa tsukewa daga gefe, ya ce kamar yana leƙen duniya ta cikin bututun ruwa. Hotuna suna fitowa da haske mai kyau, amma an yanke wa wannan kai, an bar wa wancan kafaɗa ɗaya. Kyamara ta san yawan haske, ba ta san wanda ake so a ɗauka ba.

Daga nan na fara bin sa. Ina riƙe da jaka, ina tsaye a bayan kafaɗarsa ina raɗa masa: dama kaɗan, ɗaga sama, akwai wata a gefe, ja baya taku ɗaya. Mutane suka ɗauka soyayya ce. Wata mata ta ce, "Ke baiwar Allah, ba mai sace miki shi." Na yi dariyar dole. Ɗinki ya taru a tebur. Masu kaya suka gaji da gobe-jibi, suka riƙa zuwa suna kwashe yadinsu ko almakashi bai taɓa ba.

Aikin ƙarshe na wani gidan burodi ne. Wani dattijo zai ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar a bakin tanda, abokan aikinsa suka shirya masa ɗan taron ban kwana a ɗakin ajiye fulawa, da la'asar. 'Yarsa ce ta kira mu. Ta ce hoto ɗaya ne ya fi damunta, lokacin da za a miƙa wa babanta lambar yabo, mahaifiyarta tana gefensa a keken guragu, don da ƙyar likita ya bar ta ta fito.

Ɗakin ba taga, fitila biyu ce can sama, jama'a kuma sun cika maƙil. Da aka zo miƙa lambar kowa ya taso gaba da wayarsa, aka ture ni baya har na haɗu da buhuna. Ina hango ƙeyar mijina, ba ni da hanyar isa. Na kira shi, tafi ya danne muryata.

Bai ga inda suke ba, sai ya bi murya. Muryar mai gabatarwa kuwa daga lasifika take fitowa, a can kusurwa. Ina kallo ya juya wa dattijon da matarsa baya rabi, ya ɗan durƙusa yadda ya saba, ya ce, "Tsaya haka, tsaya haka," ya yi ta latsawa. Wani ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Sannan dariyar ta mutu, don sun gane ba wasa yake yi ba. Kafin in kutsa in juyo da shi an gama, an tura tsohuwar waje don zafi ya dame ta.

Hoto goma sha ɗaya. Lasifika da buhunan fulawa, sun fito tar, har rubutun jikin buhu ana karantawa.

Yaya bai yi faɗa a shago ba. Ya kira ni ɗakin baya ya rufe ƙofa.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara."

"Kuma ke ma da ke aka rufe ni? Ciki ɗaya muka fito fa. Da kun faɗa da na kai shi babban asibiti tun da sauran abin ceto."

"Likita ta ce babu abin ceto, Yaya."

"Likita ɗaya kuka gani!"

Wannan maganar har yau tana cina. Daga baya ya kai shi wurin wasu biyu, duk bakinsu ɗaya, amma na ƙarshen ya ce da an yi aiki wata shida da suka wuce, wataƙila da an tsare ɗan abin da ya rage a idon dama. Wataƙila ya ce. Watannin nan kuwa mu muna can muna murnar hoto ya daina baƙi.

Yaya ya karɓi kyamarar, dama ta shago ce, ya ɗauki wani mai hoto aiki. Ya ajiye wa mijina kujera a bakin kanta ya riƙa karɓar baƙi. Sati biyu ya yi. Ranar da ya miƙe yana yi wa Yaya kansa sannu da zuwa, yana tambayarsa wane irin hoto yake so, ya dawo gida bai sake fita ba.

Yanzu yana ɗaki, fuska a bango. Sau uku a rana nake ɗiga masa magani, yana buɗe idon ba musu, kamar na wani ne ba nasa ba. An ba mu takardar wata cibiya da ake koya wa marasa gani tafiya da sanda da sana'ar hannu. Na karanta masa ita sau biyu. Ya ce in ajiye, zai yi tunani. Jiya babbar 'yarmu ta tambaye ni ko ta bar makaranta ta riƙa taya ni ɗinki. Na daka mata tsawa na ce kar in sake ji. Da ta fita na zauna a gaban keke, na rasa wane kaya ma zan ɗora a kai.